Tarihin Burusli, Ɗan Ci-rani Mai Naushin Inci Ɗaya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1970 da 1980, ko a Arewa ya tashi ko a nan Kudu, da wuya a ce bai san sunan Burusli ba. In aka tashi daga silima ranar da aka nuna fim ɗin Canis, sai ka ga yara sun fito suna tsalle-tsalle, suna shurin iska, suna wani irin kuka kamar na muzuru, wai su ga Burusli. Wasu har sanduna biyu suke haɗawa da sarƙa, su yi ta wulwulawa sai ɗaya ta dawo ta fasa musu ƙeya. To, waɗannan yara yau su ne dattawanmu masu jikoki, amma in ka tambaye su labarin mutumin, yawanci abin da za su ce maka shi ne haka aka haife shi da ƙarfi, kuma wai guba aka ba shi ya mutu. Duka biyun akwai gyara.

A takarda Bruce Lee ake rubuta sunan, mu dai a nan za mu bi bakin jama'a. An haife shi ran 27 ga Nuwamba 1940 a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, a asibitin unguwar Sinawa. Ita wannan unguwa, mai karatu, in kana son ka gane ta, ɗauki Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko: baƙi ne suka taru wuri guda a tsakiyar garin wasu, da yarensu da abincinsu da manyansu. Mahaifinsa, Lee Hoi-chuen, ɗan wasan kwaikwayo ne na gargajiya irin wanda ake haɗawa da waƙa, ya zo yawon wasa daga Honkon tare da matarsa Grace Ho. Wato a hanyar neman abinci aka haifi yaron. Iyaye suka sa masa suna Jun-fan, shi kuwa Bruce wata ma'aikaciyar asibitin ce ta laƙaba masa. Da yake sun taɓa rasa ɗa namiji, sai suka riƙa kiransa da sunan mata a gida, har suka huda masa kunne, wai don miyagun iskoki su zaci mace ce su ƙyale shi. Bahaushen da ya san dalilin sunaye irin su Ajuji da Ayashe ba zai yi mamakin wannan ba.

Yana 'yan watanni aka koma da shi Honkon, wadda a lokacin tana hannun Ingila. Ba a rufa shekara ba sojojin Japan suka mamaye garin, a Disamba 1941, ba su fita ba sai Agusta 1945. Cikin wannan ƙunci na yunwa da cuta ya yi yarintarsa, ya taso siriri, ga shi ba ya hangen nesa sai da tabarau. Amma fa akwai ƙiriniya. A gida har laƙabi suka yi masa mai nufin wanda ba ya zama wuri ɗaya. Saboda sana'ar mahaifinsa, tun yana ƙarami ake sa shi a fim, kafin ya cika shekara 18 ya fito a finafinai wajen 20. Karatu kuwa sai a hankali. A makarantar La Salle ya tara 'yan ƙungiyarsa, aikinsu tsokanar 'ya'yan Turawa na wata makaranta da ke kusa, da faɗa a lungu. A 1956 hukumar makarantar ta gaji da shi, aka mayar da shi St. Francis Xavier.

Faɗan titi ne ya kai shi neman malami, don ya gane cewa ba kullum abokai ke kusa ba, kuma shi ba ƙato ba ne. Wani abokinsa, William Cheung, ya kai shi wurin wani dattijo mai suna Ip Man, wanda ya yi hijira daga garin Foshan na ƙasar Sin, yana koyar da wani salon kunfu da ake kira Wing Chun. Salo ne na faɗan kusa da kusa, ba tsalle, ba juyi a sama, naushi ne gajere a miƙe, da wani atisaye da mutum biyu ke manna hannuwansu suna juyawa, har kowa ya koyi jin inda abokinsa zai kawo hari tun bai kawo ba. Ga mai raunin gani kamar Burusli, wannan ya yi masa daidai, tunda hannu ne ke gani ba ido ba.

Nan ne aka fara taka masa birki. Mahaifiyarsa tana da jinin Turawa, su kuwa masu kunfu na wancan zamani suna ganin wannan ilimi gadon Sinawa ne zalla. Da 'yan ajin suka ji asalinsa, ga shi kuma dama yana ba su haushi da rawar kai da saurin ganewa, sai da yawansu suka ƙi yin atisaye da shi. A ƙarshe sai ya koma koyo a keɓe, akasari a hannun babban almajirin Ip Man, wani gwanin faɗa mai suna Wong Shun-leung. Wani yaron da ya yi zuciya ya bari. Shi kuwa sai ma ya ƙara ƙaimi, har da 'yar dabara: akan ba da labarin yadda yake riga kowa zuwa gidan Wong, ya tsaya a matakala, duk wanda ya zo ya ce masa yau malam ba ya koyarwa, in sun watse sai ya hau shi kaɗai ya cinye darasin. Ba halin kirki ba ne, amma ya nuna maka irin yunwar da yake da ita. A 1958 ya ci gasar damben boksin ta makarantu, inda ya doke wani ɗan Bature, Gary Elms, da ya riƙe kambun sau uku. A wannan shekarar dai ya ci gasar rawar ca-ca ta Honkon. Kada mai karatu ya yi dariya, duk wanda ya ga yadda yake sarrafa ƙafafunsa a fim ya ga amfanin rawar.

Samarin makarantun kunfu daban-daban sukan yi ƙure, su hau rufin bene su gwabza, don 'yan sanda ba sa ganinsu a can. A irin wannan ne Burusli ya fitar wa wani yaro haƙori, iyayen suka kai ƙara, sai da mahaifiyarsa ta je caji ofis ta sa hannu cewa ta ɗauki alhakinsa. Iyaye suka duba suka ga in aka bar shi a Honkon, ko kurkuku ko kabari. Tunda haihuwar Amurka ne, yana da haƙƙin zama can. A Afrilu 1959 aka sa shi a jirgin ruwa da dala 100 a aljihu, yana ɗan shekara 18, kuma bai ma sauke karatun Wing Chun ɗin ba.

Wanda bai taɓa barin gida ba ba zai gane abin da ya same shi a nan ba, amma mu mun sani. Yaron da ya saba da masu aiki a gidansu, wanda ake nunawa da yatsa a titi ana cewa ga ɗan fim, sai ga shi a birnin Siyatil yana kwashe kwanuka da share tebur a gidan abincin wata mata, Ruby Chow, wadda mijinta abokin sana'ar mahaifinsa ne. An ba shi ɗan ɗaki a saman gidan abincin. Shi ya zaci baƙo ne, ita kuwa ta ɗauke shi ɗan aiki, saboda haka ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Da rana yana makarantar Edison yana ƙarasa sakandare, da yamma yana aiki. Ba malami, ba abokan atisaye, ba wanda ya ma taɓa jin kalmar kunfu a garin in ba Sinawa ba. Nan ne mafi yawan masu koyon kowace irin sana'a ke yar da ita, su ce sai an koma gida. Burusli bai yar ba. Yana da mutum-mutumin katako irin wanda 'yan Wing Chun ke duka, ya yi ta bugunsa a bayan gidan abincin, yana kuma ɗan tsintar wasu salon a wurin wani abokin mahaifinsa, Fook Yeung.

Da ya ga katako ba ya ramawa, sai ya nemi mutane. Almajirinsa na farko baƙar fata ne, Jesse Glover, wanda dama ya iya judo, kuma abin da ya sa shi neman ilimin kare kai shi ne dukan da wani ɗan sanda ya taɓa yi masa yana yaro. Sai kuma Taky Kimura, ɗan asalin Japan, wanda ya girme wa Burusli da shekara 16, yana cikin dubban Japanawan Amurka da gwamnati ta tsare a sansani lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya karya masa zuciya shekara da shekaru. Ba su da ɗaki, saboda haka a filin ajiye motoci da lambun shaƙatawa suke yi, ko ana sanyi ko ana ruwa. Ka duba fa: yaron da aka ƙi yin atisaye da shi saboda jininsa, shi ne ya tara baƙi da fari da ɗan Japan yana koya musu. A 1961 ya shiga Jami'ar Washington, ya buɗe 'yar makarantarsa ta kunfu, a 1963 ya buga ɗan littafi a kan wannan fanni. Cikin ɗalibansa akwai wata Baturiya, Linda Emery, suka yi aure a Agusta 1964, duk da mahaifiyarta ba ta so ba. A shekarar ya bar jami'a bai gama ba, ya koma Okland ya buɗe wata makarantar tare da James Lee.

A watan Agustan nan dai aka gayyace shi babbar gasar kareti ta Long Beach. Can ya kifa ciki ya riƙa ɗaga jikinsa a kan yatsu biyu na hannu ɗaya, sannan ya nuna naushin inci ɗaya: ya ajiye dunƙulen hannunsa dab da ƙirjin mutum, ba tare da ya ja baya ba ya sake shi, sai ga ƙato ya yi baya ya zube a kujera. Ba tsafi ba ne. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da kafaɗa, duk gaɓoɓin su saki a lokaci guda. 'Yan dambenmu da suka san cewa kisa daga tsayuwa yake farawa ba daga zare ba, za su fi kowa ganewa.

To, a ƙarshen 1964 aka yi wani faɗa wanda har yau ana gardama a kansa. Wani matashin malamin kunfu na unguwar Sinawa ta San Faransisko, Wong Jack-man, ya zo makarantar Burusli a Okland da mutanensa, aka rufe ƙofa aka gwabza. Linda, wadda take wurin da tsohon ciki, ta ce manyan unguwa ne suka aiko shi don a hana mijinta koya wa waɗanda ba Sinawa ba, kuma cikin minti uku Wong ya juya da gudu, Burusli ya bi shi ya danne. Shi kuwa Wong har ya mutu a 2019 yana musun wannan. Ya ce cika bakin da Burusli ya yi a wani gidan wasa, yana ƙalubalantar kowa, shi ya jawo, kuma sun fi minti 20 suna yi ba wanda ya faɗi. Ni dai a ganina kowa ya ƙara gishiri a miyarsa, don Burusli mai baki ne, wannan ba a musu. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ya biyo baya. Linda ta same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Dalili kuwa, faɗan da yake ganin na 'yan daƙiƙu ne ya ja lokaci, numfashinsa ya ƙare, hannuwansa suka kumbura, salon da yake taƙama da shi kuma bai yi masa maganin mutumin da ke ja da baya yana kewaye ba.

Mutane nawa ne za su ci faɗa, ko su yi zaton sun ci, sannan su zauna su ce horonsu bai yi ba? Daga wannan rana ya rushe tsarinsa ya sake gini. Ya shiga gudu na mil biyu zuwa shida kusan kullum, da tsallen igiya, da keken motsa jiki, da ɗaga ƙarfe, abubuwan da malaman kunfu na lokacin ke rainawa suna cewa na Turawa ne. Ciki kuwa ya ba shi kulawa ta musamman, don a nan ake shan duka kuma ta nan ƙarfi ke wucewa. Ya riƙa rubuta komai a littafin aljihu, yau gudu kaza, naushi ɗari kaza, shuri kaza, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta ciniki. Waɗannan littattafai suna nan, an buga hotunansu, kuma su ne babbar shaidar cewa ƙarfin nan ba da shi aka haife shi ba. Ya tara littattafai sama da 2,000 a kan boksin da kokawa da wasan takobi da falsafa. Yakan sa faifan damben Muhammad Ali ya kalle shi ta madubi, saboda shi hannun dama yake sawa gaba, yana son ya ga yadda motsin zai kasance a tsayuwarsa. Daga wansa Peter, wanda gwanin wasan takobi ne, ya ɗauko dabarar tare hari da hari. A 1967 ya sa wa tsarin nasa suna Jeet Kune Do, wato hanyar naushin da ke tare abokin gaba tun yana shirin kawowa.

Ana cikin haka aka haifa masa ɗa, Brandon, ran 1 ga Fabrairu 1965, kafin a yi kwana bakwai mahaifinsa ya mutu a Honkon. Wasan da ya yi a Long Beach kuma ya kai kunnen masu shirya fim, aka ba shi matsayin Kato, direban jarumi, a wani wasan talabijin mai suna The Green Hornet. Sai da aka roƙe shi ya rage sauri, don na'urar ɗaukar hoto ba ta kama hannunsa. Kashi 26 aka yi, daga 1966 zuwa 1967, aka soke shirin. Daga nan Holiwud ta rufe masa ƙofa, don a wancan zamani Basine a fim ɗin Amurka ko kuku ne ko mugu. Sai ya koma koyar da manyan 'yan fim a gidajensu, irin su Steve McQueen da James Coburn, da dogon ɗan ƙwallon kwandon nan Kareem Abdul-Jabbar, yana kuma atisaye da zakarun kareti irin su Cak Noris. Kuɗi na shigowa yau, gobe babu. Ya sayi gida da bashi a unguwar masu hali, aka haifi 'yarsa Shannon a 1969, nauyi ya ƙaru.

Sai ranar 13 ga Agusta 1970. Da safe ya ɗora sandar ƙarfe mai kusan nauyin jikinsa a kafaɗa, yana wani atisaye da ake sunkuyawa daga ƙugu a miƙe, a sake sunkuyawa a miƙe. Ranar bai tsaya ya ɗumama jiki ba, shi da ya fi kowa yi wa ɗalibai faɗa a kan haka. Ya ji wani abu ya tsinke a gadon bayansa. Ya ɗauka 'yar targaɗe ce, ya yi ta gashi da tausa, ciwo sai gaba yake. Da aka je asibiti aka gano ya ji wa wata jijiya rauni, ta huɗu a cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙashin tsatso. Likitoci suka ce ya kwanta, kuma suka gaya masa ƙarara cewa ya cire rai da sake yin shuri irin na da.

Mai karatu, ka tsaya ka auna wannan. Mutum ne ɗan shekara 29, ba shi da digiri, ba shi da shago, ba shi da gona, jikinsa shi ne jarinsa, ga mata da 'ya'ya biyu da bashin gida a ƙasar da ba dangi. Wanda a gidansu aka ce ba ya iya zama wuri ɗaya, shi aka ce ya kwanta rigingine. Wata uku ya yi a gado, wasu ukun kuma yana ɗan takawa a cikin gida. Linda ta nemi aikin amsa wayar tarho daga yamma zuwa dare, shi yana gida da yara. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ɓoyewa suka yi kada abokai su ji matar Burusli ce ke ciyar da gida. Kowane magidanci da ya taɓa kwanciya ciwo a baƙon gari ya san wannan kunyar.

Abin da ya yi a wata shidan nan shi ne, a wurina, ya fi duk finafinansa. Tunda ƙafa ta ƙi, sai ya mayar da atisayen kan takarda. Ya sa aka jibge masa littattafansa kusa da gado, yana karantawa, yana rubutu, yana zana mutane suna naushi da kaucewa, yana warware kowane motsi gaɓa-gaɓa, yana tambayar kansa me ya sa wannan ke aiki wancan ba ya yi. Ya cika kundi-kundi. Daga cikinsu ne aka tattara littafin Tao of Jeet Kune Do, wanda ya fito a 1975 bayan mutuwarsa. Ya kuma duƙufa kan rubuce-rubucen wani masanin falsafa ɗan Indiya, Krishnamurti. Da ya fara samun sauƙi bai yi gaggawa ba: tafiya tukuna, sai miƙa jijiyoyi, sai ɗan gudu, sai ƙarfe marar nauyi, har shurin ya dawo. Amma kada a yi maka ƙarya a ce ya warke sarai. Ciwon bayan nan bai rabu da shi ba har ya mutu, da allura da magani yake lallaɓa shi. Duk wani tsalle da shuri da ka gani a manyan finafinansa, da wannan bayan ya yi su, don dukkansu bayan raunin aka ɗauka.

'Yan watanni kafin raunin ya kai ziyara Honkon, ya tarar ashe wasan Kato da aka soke a Amurka ya mayar da shi tauraro a gida. Saboda haka da ya miƙe, ya ga Holiwud har yanzu alkawari ne ba cikawa, sai ya karɓi tayin Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest, fim biyu a kan dala 15,000. Na farko, The Big Boss, a wani ƙauye na ƙasar Tailan mai suna Pak Chong aka ɗauke shi a 1971, cikin zafi da rashin abincin kirki. Gilashi ya yanke shi a hannu sai da aka yi ɗinki goma, ya gurɗe a idon sawu, bayan kuma yana ta tashi. Fim ɗin ya fito a Oktoba 1971 ya tara sama da dalar Honkon miliyan uku, abin da wani fim bai taɓa yi ba a garin. A daidai lokacin ne kuma labari ya zo daga Amurka cewa wasan talabijin mai suna Kung Fu, wanda ya sa rai da shi, an ba wani Bature, David Carradine, shi zai fito a matsayin ruwa-biyu. Fist of Fury ya biyo a 1972 ya karya tarihin na farko, sai Way of the Dragon, wanda shi ya rubuta ya kuma ba da umarni, inda suka kara da Cak Noris a tsohon filin wasa na birnin Rum. Yanzu kuma Holiwud ce ta biyo shi har gida. Kamfanin Warner ya zo aka yi Enter the Dragon a farkon 1973, har ya ajiye Game of Death da ya fara.

A nan kam dole a faɗi gaskiya, naci ya zarce iyaka. Ba ya barci sosai, ga rubutu, ga shirya faɗa, ga atisaye ba fashi, ya rame har 'yan uwa suka fara magana. Ran 10 ga Mayu 1973 ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɗaukar murya, ana tsananin zafi, aka kai shi asibiti aka ga ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. Aka ceto shi. Ya je Amurka aka duba shi, likitoci ba su ga wata cuta ba, ya dawo ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ran 20 ga Yuli, yana gidan wata 'yar fim a Honkon, ya ce kansa na ciwo, ta ba shi ƙwayar Equagesic, ya kwanta, bai tashi ba. Shekararsa 32. Binciken gawa ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne, kotun bincike ta ce tsautsayi ne, aka ɗora laifin a kan yadda jikinsa ya ƙi maganin. An ga alamar wiwi kaɗan a cikinsa, amma ba a sami wata guba ba. Daga baya wani marubucin tarihinsa, Matthew Polly, ya kawo hujja a 2018 cewa zafi ne ya buge shi, wasu likitocin ƙoda kuma a 2022 suka ce ruwa ne ya yi wa jikinsa yawa ƙoda ta kasa fitarwa. Batun guba da 'yan daba da sammun tsofaffin malamai da muka sha ji a majalisa, ba wanda ya taɓa kawo shaidarsa.

Dubban mutane suka cika titunan Honkon ranar ban kwana da gawarsa, sannan aka kai shi Siyatil, garin da ya yi wankin kwanuka, aka binne shi a maƙabartar Lake View. Enter the Dragon ya fito bai gani ba, fim ɗin da aka kashe dala 850,000 a kansa ya zagaye duniya har ya iso silimunmu. Bayan shekara 20, a Maris 1993, ɗansa Brandon ya mutu yana ɗan shekara 28, sakamakon harbin kuskure da bindigar wasa a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow, aka binne shi kusa da uban.

Cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Burusli akwai Steve McQueen da James Coburn da Dan Inosanto, da kuma Taky Kimura, mutumin nan da ya fara koyo a filin ajiye motoci yana neman shekara arba'in. Kimura ya ci gaba da kula da kabarin malaminsa, yana kuma tara 'yan ɗalibai a ɗakin ƙasa na kantinsa na kayan abinci yana koya musu abin da aka koya masa, ba ya karɓar ko kwabo. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har ƙarfi ya ƙare ɗansa ya karɓa. Ya mutu a Janairu 2021 yana da shekara 96.